Jojiya, Autar da Ta Fara da Hana Bauta

A cikin yankuna 13 da Ingila ta kafa a gaɓar gabashin Amurka, waɗanda daga baya suka haɗa kai suka ƙwaci kansu, Jojiya ce 'yar auta. Ita kaɗai ce kuma tun tana rarrafe aka yi mata dokar hana mallakar bayi, a 1735. Da aka yi ƙidayar 1860, an sami bayi 462,198 a cikinta, kusan mutum 44 a kowane 100, kuma in ka cire Virginia babu jihar da ta fi ta yawan bayi. Ba Jojiyar da ke maƙwabtaka da Rasha nake nufi ba. Ita wannan ta Amurka sunan Sarki George na Biyu aka sa mata, wanda ya sa hannu a takardar kafa ta a 1732.

Tushen abin mutuwar mutum ɗaya ce a Landan. Robert Castell masanin zanen gine-gine ne da ya buga wani littafi mai tsada a kan gidajen Rumawan da, littafin bai yi kasuwa ba, bashi ya yi masa katutu. A Ingila ta lokacin wanda ya kasa biyan bashi kurkuku ake kai shi, a can ma sai ya biya gandiroba kuɗin ɗaki da na abinci. Da aljihun Castell ya bushe, sai shugaban kurkukun Fleet ya sa aka mayar da shi wani gida da agana ta ɓarke a ciki. Ya yi magiya, ya ce bai taɓa yin cutar ba, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Ya kamu, ya mutu. Yana da aboki a majalisar dokoki, tsohon soja mai zafin kai da ake kira James Oglethorpe, wanda a 1729 ya jagoranci kwamitin da ya bankaɗo ɓarnar gidajen yari. Daga nan tunani ya zo: me zai hana a buɗe wa talakawan Ingila sabuwar ƙasa a ƙetaren teku, su fara rayuwa daga tushe?

Saboda haka ne har gobe ake cewa fursunonin bashi ne suka kafa Jojiya. Ba haka ba ne. Da aka zo zaɓen masu tafiya, amintattun da aka damƙa wa ƙasar sun tace mutane sosai, suka ɗauki kafintoci da teloli da masu gashin burodi da ƙananan 'yan kasuwa da karayar arziki ta sama, amma ba a buɗe ƙofar kurkuku an fito da kowa an sa shi a jirgin farko ba. Su kansu amintattun an ɗaure su da sharaɗi: ba za su mallaki ko taku ɗaya na ƙasar ba, ba albashi, ba riba, kuma bayan shekara 21 za su mayar wa Sarki kayarsa. A takarda, ƙasar ta tashi daga tsakanin kogin Savannah da kogin Altamaha ta miƙe yamma har tekun Pasifik, kyauta daga sarkin da bai san abin da ke cikinta ba, bai kuma tambayi masu ita ba.

Jirgin Anne ya kawo mutum ɗari da 'yan kai, suka hau tudun Yamacraw a bakin kogin Savannah ranar 12 ga Fabrairu 1733. Wurin yana da mai shi, wani dattijo Tomochichi, shugaban ƙaramar al'ummar Yamacraw da ta ɓalle daga manyan ƙabilun Creek. Wadda ta yi tafinta tsakaninsu Mary Musgrove ce, uwarta Creek ubanta Bature, tana da shagon fatauci a wurin tun kafin zuwan baƙin. Ba don ita ba da wuya a ce zaman ya yiwu. Tomochichi ya ba da wuri, a 1734 ma ya bi Oglethorpe zuwa Ingila da matarsa da ɗan ɗan'uwansa, ya gana da Sarki. Da ya rasu a 1739 aka binne shi a tsakiyar ɗaya daga dandalolin garin, Oglethorpe na cikin masu ɗaukar makara, aka tara duwatsu a kan kabarin. A 1883 wani kamfanin jirgin ƙasa ya gina wa wanda ya kafa shi hasumiyar tunawa a daidai wurin. Sai a 1899 aka kawo wani ƙaton dutse aka ajiye a gefen dandalin da sunan dattijon.

Tsarin garin Savannah shi ne abin da ya fi daɗewa cikin ayyukan Oglethorpe. Ya yanka shi unguwa-unguwa, kowace da dandali a tsakiya, kowane magidanci da fulotin gida, da lambu eka 5 a bayan gari, da gona eka 45 can gaba. Dandali 22 na nan har yau, su ne masu yawon buɗe ido ke zuwa gani. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, waɗanda suka taya sare itatuwan farko da tsaga katako bayi ne da aka aro daga Carolina ta Kudu.

Dokokin ƙasar kuwa abin kallo ne. An hana giyar rake mai ƙarfi da Turawa ke kira ram, ko da yake an bar giya mai sauƙi. Ba a son lauyoyi, kowa ya tsaya gaban alƙali ya kare kansa. Ba a yarda 'yan Katolika su yi ibadarsu ba, don ana zargin zuciyarsu na wajen Sifaniya da Faransa. Babu mai mallakar fiye da eka 500, ba a sayar da gona ko jinginar da ita, kuma ɗa namiji ne kaɗai ke gado, saboda kowace gona ana so a sami mai riƙe bindiga a kanta. An wajabta wa kowa dasa bishiyar da tsutsar siliki ke cin ganyenta, har aka ɗauko gwanaye daga Italiya su koyar da sana'ar, da fatan Ingila ta huta da sayen siliki daga waje. A 1735 an kai wa Sarauniya Caroline silikin Jojiya ta ɗinka riga, aka yi ta shela. Amma sanyin bazata yakan kashe ganye da tsutsa, aikin ga cin rai ga ƙarancin hannu, sai Jamusawan Salzburg da suka zauna a Ebenezer ne kawai suka jure masa na wani lokaci.

Rana ɗaya a watan Yuli 1733, ana tsakiyar zazzaɓin da ya riga ya kashe likitan garin tilo, jirgi ya sauke Yahudawa kimanin 40, yawancinsu 'yan asalin Fotugal da suka tsere wa kotun cocin Katolika. Amintattu a Landan ba su so ba. Oglethorpe ya duba takardar Sarki ya ga Katolika kawai ta ambata, ya kuma ga a cikin baƙin akwai likita, Samuel Nunes, wanda ya shiga jinyar marasa lafiya nan take. Ya ba su filaye. Majami'arsu tana nan a Savannah, tana cikin mafi tsufa a Amurka. Shi kuwa John Wesley, wanda daga baya ya kafa ɗariƙar Methodist, zamansa a garin bai yi kyau ba. Ya so wata budurwa, ya yi ta jan ƙafa har ta auri wani, sai ya hana ta jibin coci a bainar jama'a. Mijin ya kai ƙara yana neman diyyar fam 1,000, Wesley ya sulale da dare a Disamba 1737, bai sake taka Jojiya ba.

To, me ya sa aka hana bauta? Mai karatu kada ya yi saurin sa wa amintattu albarka. Dalilinsu na farko tsoro ne. An kafa Jojiya ne ta zama garkuwa tsakanin Carolina mai arzikin shinkafa da Florida ta Sifaniyawa, kuma tun 1693 Sarkin Sifaniya ya yi shelar cewa duk bawan Ingilishi da ya gudo ya karɓi Katolika ya zama ɗa. A 1738 ma aka kafa wa irin waɗannan 'yantattu garinsu mai ganuwa, Fort Mose, kusa da St. Augustine, aka ba su makamai. Ƙasar kan iyaka da ta cika da bayi, ranar yaƙi abokin gaba yana cikin gida. A Satumba 1739 bayi suka yi bore a bakin kogin Stono a Carolina, suka kashe Turawa sama da 20, kuma kudu suka nufa, Florida. Dalili na biyu shi ne, talaka Bature da aka kawo don ya koyi cin guminsa, in ya sami bawa zai miƙe ƙafa, mai kuɗi kuma zai haɗiye gonakin maƙwabta kamar yadda aka gani a Carolina. Dokar don amfanin farar fata aka yi ta, ko kalma ɗaya ba ta ce bauta zalunci ce ba.

Shi Oglethorpe lamarinsa ya fi haka sarƙaƙiya. A 1732 shi ne mataimakin gwamnan Royal African Company, kamfanin da ya yi suna da fataucin bayi. A wannan kujera wata wasiƙa da Larabci ta faɗo hannunsa. Ayuba Sulaiman Diallo ne ya rubuta ta, Bafulatani ɗan malami daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, wanda aka kama a bakin kogin Gambiya aka sayar a Maryland, yana neman mahaifinsa ya fanshe shi. Oglethorpe ya aika da ita Oxford aka fassara, ya ɗauki alkawarin biyan kuɗin fansa, aka kawo Ayuba Landan a 1733, shekara ta zagayo ya koma gida. Kafin ƙarshen 1732 Oglethorpe ya sayar da hannun jarinsa a kamfanin, kuma a tsufansa ya zama abokin masu yaƙi da bauta. Maganar da ta fi kowace fitowa fili kuwa daga talakawa ta zo. A Janairu 1739 mutum 18 daga cikin 'yan tsaunukan Sikotland da ke zaune a Darien suka rubuta wa Oglethorpe cewa kada a kawo bayi. Sun kawo dalilan tsaro da na bashi, sannan suka rufe da cewa ɗabi'ar ɗan Adam tana ƙyamar a yanke wa wata al'umma da zuriyarta bauta ta har abada, kuma wata rana abin zai dawo musu a matsayin azaba.

Sun rubuta ne don mayar da martani ga wata takardar koke da mutanen Savannah sama da 100 suka sa wa hannu wata ɗaya kafin nan. Waɗannan su ne amintattu suka laƙaba wa suna masu ƙorafi, kuma hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. Suna tsaye a wannan gaɓa ta kogi suna fama da zazzaɓi da bashi, suna hango ɗaya gaɓar inda maƙwabtansu ke tara dukiya da gumin wasu. Jagororinsu suka koma Charleston a Carolina suna buga littattafan zambo, wakilinsu Thomas Stephens, wanda mahaifinsa ne sakataren amintattu a Jojiya, ya tare a Landan yana kai ƙara, har a 1742 majalisa ta sa shi ya durƙusa aka yi masa faɗa a kan ɓata suna. A ƙasa kuwa doka ta riga ta zama hoto. Ram na shigowa ta kogi, in an kama mai sayarwa masu taya alƙali yanke hukunci su sake shi, da yake su ma abokan cinikinsa ne, har aka janye hanin a 1742. Bayi kuma aka samo musu dabara: sai a yi hayar bawa daga Carolina na shekara 99 ko 100, a biya kuɗin hayar gaba ɗaya.

Abin da ya karya dokar nasara ce. A Yuli 1742 rundunar Sifaniya ta sauka a tsibirin St. Simons, mutanen Oglethorpe suka yi mata kwanton ɓauna a wata fadama da tun daga ranar ake kira Bloody Marsh. Sifaniyawa sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma wani Bafaranshe ya gudu daga sansanin Ingilishi zai tona musu asirin ƙarancin sojan. Oglethorpe ya rubuta masa wasiƙa kamar ɗan leƙen asirinsa ne, yana umartarsa ya riƙe abokan gaba har jiragen taimako su iso, ya ba wani fursuna ya kai, ya san hannun kwamanda za ta faɗa. Kwamandan ya rasa wanda zai gaskata, ya hango wasu jirage a teku, ya tattara ya koma Florida. Sifaniya ba ta sake kawo hari ba. Da tsoro ya kau, babbar hujjar dokar ta bi shi. Oglethorpe ya koma Ingila a 1743 bai dawo ba. Mashahurin mai wa'azi George Whitefield, wanda ya gina gidan marayu na Bethesda kusa da Savannah, ya sayi gona da bayi a Carolina don ciyar da marayun, ya dinga matsa wa amintattu cewa ƙasa mai zafi ba ta nomuwa sai da baƙar fata. Ranar 1 ga Janairu 1751 bauta ta halatta, a 1752 amintattu suka miƙa wa Sarki ƙasarsa tun wa'adi bai cika ba.

A 1750 bayin Jojiya ba su kai 500 ba, a 1775 sun kusa 18,000. Manoman Carolina suka kwararo da bayinsu suka mamaye bakin koguna, daga baya jirage suka fara zuwa kai tsaye daga Senegambiya da Saliyo, inda mutane suka gaji noman shinkafar fadama kaka da kakanni. Aikin shi ne a sare kurmin fadama, a ɗaga ganuwar laka, a haƙa magudanai, a sa ƙofofin katako da za su shigo da ruwan kogi in teku ta turo shi su kuma fitar da shi in ta janye. Ana yi cikin ruwa da sauro da macizai, yara na mutuwa ba adadi. Iyayen gijin kan gudu birni in zafi ya yi, su bar gona a hannun shugaban bayi. Tsarin aikin yanka ne: a auna wa mutum rabonsa na rana, in ya gama sauran yinin nasa ne, kusan yadda bawan rinji a ƙasar Hausa kan yi noman gandu da safe ya koma gayaunarsa da yamma. Wannan nisa da Turawa shi ya sa mutanen tsibiran, waɗanda ake kira Gullah da Geechee, suka riƙe harshe da abinci da saƙar kwando na Afirka fiye da kowa a Amurka.

Cikin ƙasa labarin na fili ne. A 1793, a gonar Mulberry Grove kusa da Savannah, Eli Whitney ya haɗa injin gurzar auduga, sai kowace eka ta tudu ta zama kuɗi. A 1795 majalisar jihar ta sayar wa kamfanoni 4 eka miliyan 35 na yammacinta, yawancin Alabama da Mississippi na yau, a kan dala 500,000, kuma kusan duk wanda ya ɗaga hannu an ba shi kaso. Jama'a suka harzuƙa, suka zubar da 'yan majalisar, sababbin suka soke cinikin. A Fabrairu 1796 aka fito da takardun gaban majalisa a Louisville, babban birnin lokacin, aka ƙone su, kuma labarin da jihar ke alfahari da shi ya ce da gilashin tara hasken rana aka kunna wutar don a ce daga sama ta sauko. Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1810 ciniki ya riga ya ƙullu ko da cin hanci aka yi shi. Filin da ake wannan rigima a kansa na Creek da Cherokee da Choctaw da Chickasaw ne. Daga 1805 jihar ta koma raba ƙasar 'yan asali ta hanyar jefa ƙuri'a, a juya ganga a zaro sunan mutum da lambar fili. Cherokee sun yi duk abin da aka ce shi ne wayewa: Sequoyah ya ƙirƙiro musu haruffa, sun rubuta tsarin mulki, a 1828 sun fara buga jarida da harshensu a New Echota, a 1832 sun yi nasara a Kotun Ƙoli. Amma an riga an ga zinariya a ƙasarsu wajen Dahlonega. A 1838 soja ya tasa su zuwa yamma, kimanin 4,000 suka mutu a sansani da kan hanya.

Mu koma bakin teku, don a nan ne labarin ya taɓo mu. A Mayu 1803 aka sayi Inyamurai kimanin 75 a Savannah aka zuba su a ƙaramin jirgi zuwa St. Simons. A hanya suka yi bore, masu tsaronsu suka faɗa ruwa, jirgin ya kafe a rafin Dunbar, wasunsu suka shiga ruwan suka nitse maimakon su miƙa wuya. Wurin ana kiransa Igbo Landing, kuma jikokin bayin tsibiran sun riƙe labarin a matsayin na mutanen da suka tashi sama suka koma Afirka. Waɗanda aka saya wa su manoma biyu ne, John Couper na St. Simons da Thomas Spalding na tsibirin Sapelo. Kowane daga cikin biyun nan, shugaban bayinsa Musulmi ne Bafulatani.

Na Couper shi ne Salihu Bilali, ɗan Masina a bakin kogin Kwara a Mali ta yau. An kama shi yana yaro, aka bi da shi ta Segu har Anomabu a gaɓar Gana, daga can Bahamas, sannan Jojiya. Ɗan ubangidansa ya rubuta cewa yana karanta Larabci, yana da Alƙur'ani, ba ya shan giya, yana azumin Ramadan. Na Spalding kuwa Bilali Muhammad ne, ɗan Timbo a Futa Jalon ta ƙasar Gini, shi ma ta tsibiran Bahamas ya biyo da iyalinsa. Yana sa doguwar riga da jar dara, yana kula da bayi ɗaruruwa a gonakin auduga da rake. A yaƙin Amurka da Ingila da aka fara a 1812, da jiragen Ingila suka tsaya a gaɓar suna kiran bayi su gudo su sami 'yanci, kusan 1,500 sun amsa, amma a Sapelo Spalding ya raba wa bayinsa bindigogi ya sa Bilali a gabansu. A guguwar 1824 shi ya tattara mutane cikin gine-ginen auduga da sukari masu kaurin bango, ya tsirar da su. Masu son su mai da shi gwarzon 'yanci suna tsallake wannan gefen. Mutum ne da ya sami matsayi a cikin tsarin da ya cinye shi, ya tsare dukiyar ubangidansa, ya kuma tsare sallarsa da 'ya'yansa, waɗanda a cikin matan akwai Fatima da Madina da Bintu.

A shekarun 1930 ma'aikatan gwamnati masu tattara tarihin baka suka je Sapelo, abin da suka ji ya fito a littafin Drums and Shadows a 1940. Wata tsohuwa daga zuriyar Bilali, Katie Brown, ta ba su labarin da ta ji daga kakarta: Bilali da matarsa suna salla a kan 'yar shimfiɗa a lokuta sanannu, suna jan dogon carbi, kuma akwai ranar da ake jiƙa shinkafa a daka ta da zuma a dunƙula a raba wa yara, ana kiran abin saraka. Ita 'yar coci ce, Larabcin ya riga ya zama sauti a bakinta, amma duk wanda ya taɓa karɓar sadakar gumba ya san abin da take kwatantawa. Zuriyar ta ga sauran abin da ya biyo baya: umarnin Janar Sherman na Janairu 1865, ana cikin yaƙin basasar Amurka, da ya ba 'yantattu eka 40-40 a tsibiran, da Shugaba Andrew Johnson da ya ƙwace ya mayar wa tsofaffin iyayen giji kafin shekara ta ƙare, da attajirin taba R. J. Reynolds ƙarami da ya sayi yawancin Sapelo a 1934 ya tattara ƙauyukan baƙar fata wuri ɗaya, Hog Hammock. Mazaunan dindindin a can yau ba su kai 50 ba, suna kokawa da haraji da masu kuɗin da ke son gina gidajen hutu.

Kafin Bilali ya rasu a wajajen 1857, ya ba wani fasto marubuci, Francis Goulding, ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da hannunsa. Iyalin Goulding suka riƙe shi shekara da shekaru suna ɗauka tarihin rayuwar tsohon ne, suna ma kiransa haka, daga baya ɗansa ya ba ɗakin karatun jihar. An nuna wa masu Larabci a jami'o'i, ba wanda ya fitar da kai. Sai wani ɗalibin jami'ar Northwestern, Joseph Greenberg, da zai zo ƙasar Kano a 1938 nazarin Maguzawa da bori, ya taho da hoton shafukan. Shi ne wanda daga baya ya shahara da rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya sa Hausa cikin dangin Cadi. Ya kai wa malaman Kano. Da farko, in ji shi, suka ce wannan rubutun aljannu ne, don ga haruffa irin na Magariba da suka saba da su, amma kalmomin sun ƙi karantuwa: an musanya haruffa masu kama da juna a furuci, an haɗe kalmomi, an raba wasu. Da aka ci gaba da bi a hankali sai suka tsinci sunan Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, suka gane ƙamshin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da kowane almajirin ilimi a Kano yake bi ta kansa. Ba tarihin rayuwa ba ne, magana ce a kan imani da alwala da kiran salla da sallar asuba.

Greenberg ya buga sakamakon a 1940, ya ce marubucin ɗalibi ne da aka raba da makaranta bai ƙare ba, ya haddace da ka kafin hannunsa ya faɗa, shi ya sa bayan shekaru masu yawa ya rubuta abin da kunnensa ya riƙe. Masana da suka sake duba shi daga baya, irin su Bradford Martin da Ronald Judy da Muhammad al-Ahari, sun nuna cewa wurare da dama ba su dace da Risala kalma da kalma ba, wasunsu na ganin Bilali ya harhaɗa nasa taƙaitaccen littafin ne daga karatun da ya yi a Futa don koyar da na kusa da shi. Littafin yana ɗakin karatu na Hargrett a Jami'ar Jojiya da ke garin Athens, kuma akwai layukan da har yanzu masanan ba su haɗu a kan karatunsu ba.